3.4 Launi da Bambancin Haske da Duhu a Finafinan Hausa

A wannan sashe za a duba ra'ayin da ke cewa dusashewar launi a finafinan Hausa laifin kyamarar bidiyo ne kaɗai. Masu wannan ra'ayi sukan kwatanta Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 a kan zaren fim na silima, da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda aka ɗauka da bidiyo a Kano a 1990. Wannan nazari ya yarda da rabin maganar ne kawai.

Gaskiya ne zaren fim yana da dabarunsa. Zare mai ƙaramar lamba, kamar ASA 50, ya fi mai lamba 500 fitar da hoto sumul da launi garau, sai dai yana cin haske da yawa. Idan aka ɗan ƙara wa nagatif haske wajen ɗauka, baƙi yakan yi ƙirin, launi kuma ya kama kamar tufar da ta kwana a marina. Zare irin Ektachrome, wanda ba ya bi ta nagatif, akasin haka yake so, wato a ɗan rage masa. Haka nan tsawaita lokacin wanki yana ƙara tazara tsakanin haske da duhu, amma hoton yakan yi tsakuwa-tsakuwa.

Sai dai kuma duk waɗannan ba sa gyara hasken da aka zaɓa ba daidai ba. Misali, tarin albasar Aliero da tsakar rana ba ya nuna jansa, domin rana tana bisa kai, ɓawon yana ƙyalli, inuwa ta ɓuya a ƙarƙashi. Da la'asar sakaliya kuwa haske yakan zo ta gefe, kowane dunƙule ya fito da inuwarsa. A lokacin hunturu abin ya fi muni: hazon da ke rufe hanyar Jega zuwa Maiyama yana watsa haske ko'ina, har baƙi ya koma ruwan toka, ko da wace irin kyamara aka riƙe.

A ganin mai nazari, nan ne yawancin finafinan bidiyo na shekarun 1990 suka gaza. Sun ɗauko sha'awar launi daga finafinan Indiya, amma suka neme shi a jikin atamfa da leshi, alhali fuskar ɗan wasa mai duhun fata tana nutsewa idan aka tsayar da shi gaban farin bango da rana tsaka.