Fim Ɗin Free Solo: Mun Kalla, Mun Yaba, Amma Da Sauran Magana

Kwana biyun nan samarin Limawa ba su da hira sai ta wani fim mai suna Free Solo, suna ta tura wa juna guntayensa a waya. Da surutun ya yi yawa a majalisa, sai muka ce bari mu zauna mu kalle shi daga farko har ƙarshe, kada mu yanke hukunci da ji-ta-ji-ta.

Fim ɗin ya fito a 2018. Labarin wani Ba'amurke ne, Alex Honnold, wanda ranar 3 ga Yuni, 2017 ya hau dutsen El Capitan da ke gandun Yosemite a jihar Kalifoniya shi kaɗai, ba igiya, daga takalmi sai jakar garin alli a ƙugu. Tsayin dutsen ya kusa mita 900, wajen ninki uku ke nan na Dutsen Zuma da muke wucewa a Madalla. Cikin awa 3 da minti 56 ya kai ƙololuwa.

Gaskiya aikin ya yi kyau, ba a banza ya ci kyautar Oscar a 2019 ba. Abin da ya fi burge mu shi ne masu shirya shi, Jimmy Chin da Elizabeth Chai Vasarhelyi, ba su ɓoye wahalar ba. Mun ga mutumin ya yi fiye da shekara yana bin hanyar da igiya, yana rubuta inda zai sa kowane yatsa a littafi. Mun ga a 2016 ya fara hawa, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya sauko ba tare da jin kunya ba. Mun kuma ga mai ɗaukar hoto ya juya wa kyamararsa baya, ya kasa kallon abokinsa. Wallahi nan ne fim ɗin ya fi faɗin gaskiya.

To, ina matsalar? Fim ɗin ya ambaci mahaya duwatsun da suka mutu, amma ya wuce su da sauri, ya ƙare da kiɗa da murna. Wanda ya tsira shi ake yi wa fim. Kuma tambayar da su kansu suka taɓo, ko kyamara na tunzura mutum ya yi abin da bai shirya ba, ba su amsa ta ba. A nan The Alpinist na 2021 ya fi shi nauyi: jarumin, Marc-André Leclerc ɗan Kanada, gudun masu kyamara yake yi, kuma ya rasu a duwatsun Alaska a 2018 yana da shekara 25. Mai kallo na tashi jiki a sanyaye.

Abin da ya dame mu ya fi kusa da gida. Yaranmu ba fim ɗin suke kallo ba, guntun daƙiƙa talatin suke gani a TikTok, an yanke shirin, an bar bajintar. Sai ka ga yaro da silifa ya nufi duwatsun Bosso ko Paida, ko santsin Gurara da damina, hannu ɗaya a dutse, ɗaya riƙe da waya. Haba! Yosemite na da ma'aikatan ceto har da jirgi mai saukar ungulu. Kai in ka karye a dajin da babu sabis, wa zai ɗauko ka? Balle yankunan Shiroro, Munya da Rafi, inda 'yan bindiga suka hana manoma ma sakat.

Sannan duwatsun nan da masu su. 'Yan'uwanmu Gbagyi sun zauna a kan tudun Paida tun kafin jirgin ƙasa ya kawo kakanninmu Minna. Hawa wurin mutane da kyamara ba sallama, ba tarbiyyarmu ba ce.

Shawararmu: iyaye da yayye su zauna da yara a kalli fim ɗin gaba ɗayansa, a tsaya a daidai inda Honnold ya fasa hawa, a yi magana a kai. Mai sha'awar dutse ya tafi da abokai, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya faɗa a gida inda za shi, waya kuma ta zauna a aljihu sai an sami wurin tsayawa. Rai amana ce, kuma uwar da aka kawo wa gawa ba ruwanta da yawan waɗanda suka kalli bidiyon.