Yarinyar Ƙauyen da Ke Cikin Waya

Daga Bichi har Tsanyawa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, gona na manne da gona, gari na hango gari. Nan ma littattafan Hausa sun shiga waya, ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp da Facebook. Sai dai mai karatu a Tsanyawa da wuya ta ga kanta a ciki. Yarinyar ƙauyen da ake nuna mata kusan kullum ɗaya ce: ƙazama, mai wauta, ba ta san cokali ba, tana zaune sai wani ɗan attajiri daga Abuja ya zo ya wanke ta. Wannan kasala ce ta marubuci, kuma tana ɓata labari tun daga tushe.

Tauraro yana rayuwa ne idan marubuci ya san abin da yake ci da inda kuɗinsa ke fitowa. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna haka a Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990. Da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu, Rabi ba ta tsaya kuka kawai ba, sayar da abinci ta kama. Wannan tukunyar ce ta sa aka yarda da ita, har wani kamfani a Indiya ya buga fassarar littafin da Turanci a 2012.

Tun kafin nan, Abubakar Imam ya ba Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934, wayo da rashin kunya da baki irin nasa shi kaɗai. Aibinsa ne ya sa har yau ake tunawa da shi.

To, me ya hana a yi wa 'yar Tsanyawa irin wannan adalci? Tana da lissafi a ka. Ta san mudu nawa na gyaɗa ke ba da kwalbar mai, da abin da ƙuli-ƙulin zai kawo. Ta san yadda fuskar mahaifinta ke canjawa idan ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, ko taki ya yi tsada. Yayanta na tafiya ci-rani bayan kaka, ita ke karɓar saƙonsa a waya ta kai wa Inna. Tana zuwa Islamiyya, tana adashi, tana da kishi da rowa da ƙawar da ba sa ga maciji. Ko yadda take ce wa mijin yayarta "Yaya" tana sunkuyar da kai, alhali a zuci ba ta ƙaunarsa, ya isa babi guda.

Marubuciyar da ke zaune a Kano ba ta da uzuri. Motar Katsina na bi ta Tsanyawa kullum, kuma wuni ɗaya a tsakar gida lokacin sussuka zai ba ta kalaman da ba za ta taɓa tsinta a littafin wata ba.