Jinjina ga Masu Tsaron Gada

Duk matuƙin da ya tashi da jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Norfolk ta ƙasar Amurka, ya nufi Miami ta hanyar ruwan nan da ke ratsa koguna da fadamu a bayan gaɓar Atilantika, tafiyar da ta haura mil 1,000, domin ya tsira daga fitinar igiyoyin ruwan teku na yankin Hatteras, haƙiƙa ya san falalar masu tsaron gada. Su ne, Allah ya saka musu da alheri, ke amsa kiransa ta rediyo, su tsai da motoci, su ɗaga gadar ƙarfe har dogon jigon jirginsa ya wuce lafiya, musamman a Nuwamba, sa'ad da ayarin jirage ke gangarawa kudu gudun sanyi.