Littafin Roark da Azarar Soro

A cikin littattafan da injiniyoyi ke dogara da su, akwai wanda Raymond Roark, malami a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya wallafa a 1938. Batunsa shi ne yawan nauyin da ƙarfe ko katako zai iya ɗauka, da iyakar tanƙwarar da zai yi kafin ya karye. An sake buga shi sau da yawa.

Mai karatu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya iya cewa, ina ruwan manomi da wannan? Lalle da ruwansa, gama kwalbatin da motar masara ke hawa ran kasuwa, da rufin da iyalinsa ke kwana ƙarƙashinsa cikin ruwan Agusta, duka suna bin ƙa'idar da littafin ke koyarwa.

Ga ƙa'idar. Kadan aka gitta katako bisa bango biyu aka aza masa kaya, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuwa miƙewa. Kadan aka ninka kaurinsa daga sama zuwa ƙasa sau 2, ƙarfinsa ya ninku sau 4. Shi ya sa kafinta ke kafa katakon rufi bisa gefensa. Kankare kuma gwanin jure matsi ne, amma ƙarfinsa wajen ja misalin kashi 1 cikin 10 ne na wancan. Saboda haka rodin kankaren da aka shimfiɗa tsakanin bango biyu wajen ƙasa ake sa shi.

Amma littafin yana da aibi biyu. Na fari, da Turanci yake, cike da lissafi mai zurfi. Na biyu, bai san azara ba, balle tubali. Maginan gargajiya sun sani azara ba ta son wuce misalin ƙafa 6 ba tare da tokari ba. In ɗaki ya yi faɗi sai su ɗaure bakan gizo, kamar yadda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wannan sani a ka yake, ba a takarda ba, kuma maginin da ya koma aikin bulo da siminti ba ya iya auna rodi da idon da ya saba auna azara.

Abin da ya kamata shi ne masana su gwada ƙarfin azara, sa'an nan su rubuta ɗan littafi da Hausa, mai zane-zane, wanda ya haɗa awon Roark da sanin magina. Rigakafi dai ya fi magani.