Alƙalamin Katako: Ina Aikin Hannu Ya Tsaya, Ina Na Masana'anta Ya Fara?

A Amurka da Birtaniya da Ostareliya akwai dubban mutane, da yawansu waɗanda suka yi ritaya daga aiki, da suka mayar da garejin mota ɗakin sassaƙa, ba don kujera ko akushi ba, sai don alƙalami. Suna ɗora guntun katako a kan injin da ke juya shi da gudu, su sa masa kaifin kurfi har ya zama jikin biro mai sheƙi. Juya katako a kan inji tsohuwar sana'a ce, amma wannan reshe nata yaro ne. Ya bunƙasa ne a ƙarshen ƙarni na 20, daidai lokacin da masu juya katako a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1986, kamfanoni irin su Penn State Industries na Philadelphia da Craft Supplies USA na jihar Utah kuma suka shiga sayar da kayan haɗin alƙalami a cikin 'yar leda. Ana tallar waɗannan alƙaluma da sunan aikin hannu. Abin tambaya shi ne: wane ɓangare ne na hannun, kuma da me za a auna shi?

Ledar tana ɗauke da kusan duk abin da ke sa alƙalami ya yi rubutu: bakin ƙarfe, bututun tawada, na'urar da ake murɗawa baki ya fito, maƙalin aljihu, zoben tsakiya, da bututun tagulla guda biyu. Galibinsu a Taiwan da Sin ake ƙera su. Mai sana'a shi zai kawo katako, wanda bisa al'ada kaurinsa milimita 19 ne, tsawonsa kimanin santimita 13. Zai yanka shi biyu, ya huda kowanne a tsaye da ƙarfen huji mai faɗin milimita 7 idan siraran alƙaluman nan ne da kowa ke fara koyo da su, ya goge bayan tagullar da sanfefa don gam ya kama, ya cusa ta ciki. In ya bushe, sai ya daidaita bakin katakon da na tagullar, ya zura su a sandar ƙarfe, ya raba su da bushin, wato zobban da ke nuna masa iyakar kaurin da zai tsaya, ya ɗaure, ya tayar da inji.

Daga nan sassaƙa ta fara. Injin yana juyi wajen sau 3,000 a minti ɗaya. Da farko kusurwoyin katakon suna dukan kurfi da ƙara, ɓarɓashi na tashi. Jim kaɗan sai ƙarar ta kwanta, aski ya fara fita a nannaɗe. Kafin a gama, mafi yawan katakon da aka saya da tsada ya zama ƙura a ƙasa. Abin da ya rage a bakin siraran alƙaluman bai kai kaurin milimita 1 ba. Wannan 'yar fata da ke lulluɓe da tagulla ita ce rabon masassaƙi.

Almajirin da ya fiƙe sillen kara ya tsaga bakinsa ya fi mai injin iko da alƙalaminsa, domin shi ya yi bakin da ke rubutun, shi ya san kaurin harafin da zai fita. Mai injin bai taɓa bakin ba. Alƙalaminsa zai yi rubutu daidai da bututun tawadar da ke ciki, ko da zaitun aka yi jikinsa ko da roba. Biron Bic Cristal, wanda ya fito a 1950, aka kuma sayar da fiye da biliyan 100 nasa, ba zai ji kunya a gabansa ba wajen rubutu. Saboda haka duk wanda ya ce alƙalamin katako ya fi iya rubutu, talla yake yi.

Amma ƙanƙantar fili ba ta rage wa gwani gwaninta, sai ma ta tona asirin wanda bai iya ba. A babban akushi, kuskuren milimita ɗaya ba ya ganuwa. A alƙalami, ɗan yatsa yana jin bambancin da ido bai gani ba. Wurin da katako ya haɗu da ƙarfe shi ne alƙali: in katakon ya ɗara ƙarfen ko ya gaza, yatsa zai yi tuntuɓe da gaɓar duk lokacin da aka riƙe. Wanda ya matse sandar ƙarfen fiye da kima zai lanƙwasa ta, alƙalamin ya fito ba da'ira sosai ba, gefe ɗaya ya dace, ɗayan ya yi tudu. Wanda ya yi rowar gam zai bar gurbi tsakanin katako da tagulla, sai ana dab da gamawa kurfi ya fizge wurin, tagulla ta bayyana. Shi ya sa ƙwararru ba sa dogara da bushin kawai, domin sanfefa na cinye shi a hankali. Sukan auna ƙarfen alƙalamin kansa da ma'auni, su sassaƙa katakon ya ɗan gaza, don su bar wa abin shafe wurinsa.

A kan abin shafen ne masu sana'ar suka fi rabuwa. Tsohuwar hanya ita ce haɗin shelak da kakin zuma. Shelak ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ana shafa shi inji na juyawa, zafin gugar ya busar da shi nan take, katako ya yi sheƙi mai taushi, hannu kuma yana jin itace. Aibinsa shi ne gumi da maiƙon hannu suna cinye shi cikin 'yan watanni. Sabuwar hanya ita ce gam ɗin nan mai kama yatsa da ake kira Super Glue. Wani masanin kimiyya, Harry Coover, ya ci karo da sinadarin a 1942 yana neman roba garau ta saitin bindiga, ya yi watsi da shi don yana manne wa komai. Sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fitar da shi kasuwa. Ba don shafe aka yi shi ba, masu juya katako ne suka ba shi wannan aiki.

Ana rage gudun inji, a ɗiga gam ɗin a kan naɗaɗɗiyar takardar goge hannu, a ja ta sau ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, a janye kafin ta manne. Ba a amfani da ƙyallen auduga, domin gam ɗin yana zafi har ya yi hayaƙi idan ya haɗu da ita, tururinsa kuma yana sa hawaye. Ana maimaitawa shafi bisa shafi, wasu har goma ko fiye. Sannan a bi shi da sanfefa mai laushi da ruwa, mataki-mataki daga lamba 1,500 zuwa 12,000, irin wadda aka ƙirƙira don goge tagogin jirgin sama. Abin da ke fitowa yana ƙyalli kamar gilashi, zanen itacen ya fito raɗau, kuma yana jure shekaru.

Sai dai a nan sana'ar ta yi wa kanta tarko. Mutum ya sayi alƙalamin katako don ya riƙe itace, amma abin da yatsansa ke taɓawa roba ce. Itacen yana ciki, ana kallonsa, ba a jin sa. Gasar sheƙi ta kai wasu ga tsotse iskar katako a cikin tukunya su ɗura masa ruwan roba, wanda ke ceton ruɓaɓɓen itace mai kyan zane, amma yana ƙara nisanta shi da asalinsa. Masu alƙaluman Japan, irin su Namiki, su ma suna lulluɓe jikin alƙalami da ƙaron itacen urushi shafi bisa shafi, amma su shafen suke sayarwa, ba su ce ka zo ka ji abin da ke ƙasa ba. Zaɓi tsakanin ƙarko da jin itace zaɓi ne na gaskiya, kuma haƙƙin mai saye ne a gaya masa wanda aka yi masa.

Ta fuskar katakon kuwa, sana'ar tana da abin yabo. Guntun da kafinta zai jefa a murhu ya isa alƙalami, don haka ana cin moriyar ragowar baƙin itacen mpingo na Tanzaniya da Mozambik da ake ƙera kayan busa da shi, da rassan zaitun na Baitalami, da tsofaffin gangunan giya. Kowanne da halinsa: kokobolo na Amurka ta Tsakiya yana da maiƙon da ke hana gam kamawa, ƙurarsa kuma na sa ƙaiƙayi, baƙin itacen dangin kanya yakan tsage bayan an gama idan huji ya yi masa zafi. Amma son itace mai wuyar samu yana da nasa nauyin. Taron yarjejeniyar kare dabbobi da tsirrai ta CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa dangin Dalbergia, wanda mpingo da kokobolo ke ciki, ƙarƙashin takunkumin ciniki daga Janairun 2017, tare da madobiyarmu, wadda kasuwar kayan ɗaki ta Sin ta yi wa sara a Afirka ta Yamma. Ba alƙalami ne ya cinye dazuzzukan ba, amma mai sana'ar da bai tambayi asalin katakonsa ba yana ci daga kasuwar da ta cinye su.

Wasu daga cikin masu sana'ar sun bar ledar gaba ɗaya: su ke yanka zaren murfi da mariƙi da kansu, baki da tawada kawai suke saye. Aikinsu ya fi cancantar sunan aikin hannu. Sauran kuma ba sa bukatar su faɗi fiye da abin da suka yi. Mai saye ya ja farce a kan gaɓar katako da ƙarfe, ya juya alƙalamin a haske ya nemi zoben sanfefa, ya duba ko zanen itacen ya ci gaba daga rabin sama zuwa na ƙasa, ya tambayi sunan itacen da abin da aka shafa. Masassaƙin da aikinsa ya tsallake waɗannan, ya kuma amsa ba ɓoye-ɓoye, ya ci kuɗinsa halal.