Maƙalar Kant da Balagar Hankali

Immanuel Kant, masanin falsafa na birnin Königsberg wanda ya rayu daga 1724 zuwa 1804, ya yi suna da manyan littattafai masu tsauri, amma a gajerun maƙalunsa na mujalla ne ya fi fito da amfanin falsafa ga rayuwar mutum da ta al'umma. Fitacciya a cikinsu ita ce wadda mujallar Berlinische Monatsschrift ta buga a Disamban 1784, a matsayin amsa ga wani limamin coci, Johann Friedrich Zöllner, wanda ya nemi a fayyace ma'anar wayewar kai, wato aƙidar nan ta ƙarni na 18 da ta ɗora hankali a kan kujerar alƙalanci.

A wurin Kant, wayewar kai ita ce mutum ya fita daga ƙuruciyar da ya jawo wa kansa, kuma da ƙuruciya yana nufin halin baligin da ya kasa aiki da hankalinsa sai da jagora, wanda ya bar wa littafi tunaninsa, ya bar wa limami zuciyarsa, ya bar wa likita zaɓin abincinsa. Ya ɗora alhakin wannan hali a kan lalaci da tsoro. Sai dai ya lura cewa da wuya mutum ɗaya ya kuɓuta shi kaɗai, alhali jama'a na iya wayar da juna sannu a hankali muddin an sakar musu mara su yi muhawara. Nan ne ci gaban mutum ya sarƙu da na al'umma, kuma nan ne dalilin zaɓen mujalla ya bayyana, domin maƙalar da kowane mai karatu zai iya mayar wa martani ita kanta filin wannan muhawara ce.

Inda maƙalar ta fi ɗaure kai shi ne yadda ta raba aiki da hankali gida biyu. Hafsan soja da ke bakin aiki dole ya bi umarni, haka ɗan ƙasa dole ya biya haraji, amma kowannensu, idan ya ɗauki alƙalami ya fuskanci masu karatu a matsayin masani, yana da 'yancin sukar wannan umarni ko harajin. Rabon yana da hikima, tun da ya buɗe ƙofar gyara ba tare da tarzoma ba, sai dai rauninsa a fili yake, domin ya rataya ne a kan haƙurin mai mulki, kuma Kant ya yi rubutun ne a zamanin Frederick na Biyu, sarkin Prusiya mai sassauci a lamarin addini. Bayan rasuwar Frederick a 1786 al'amura suka sauya, har a 1794 magajinsa Frederick William na Biyu ya aika wa Kant takardar gargaɗi kan rubuce-rubucensa game da addini. Kant ya yi alkawarin kame bakinsa, bai kuma koma kan batun ba sai bayan mutuwar sarkin a 1797, bisa hujjar cewa wannan sarkin kaɗai ya ɗaukar wa alkawarin.