Baitulmali Lokacin Yaƙi a Wasan Civilization: Tsokaci Daga Zamfara

A wasan kwamfuta na Civilization, wanda Sid Meier ya ƙirƙiro a 1991, mai wasa yakan kasa kuɗin shigar ƙasarsa uku: baitulmali, ilimi da jin daɗin jama'a, sa'an nan ya saurari motsin abokin gaba, tamkar a dara. A ganina inda wasan ya gaza shi ne, talakansa ubangida ɗaya yake biya wa haraji. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu kuwa, an sha tilasta wa manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Haka nan da gwamnati a Gusau ta rufe kasuwannin mako a 2021 domin toshe musu hanyar abinci, mai kai hatsinsa kasuwa shi ma ya rasa inda zai sayar.